Darasi na 9: Ciwon Baya da na Gwiwa da Ya Ƙi Tafiya

Tsawon darasi: minti 45, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: tabarma biyu ko uku, kujera mai ƙarfi ko benci, tsintsiya, jarka, da ƙwayar wake dunƙule ɗaya.

Manufa: kowace mace ta tashi daga zaman nan ta san irin ciwon da motsa jiki ke ragewa, da irin wanda dole sai an je asibiti, kuma ta iya atisaye huɗu da za ta riƙa yi a ɗakinta.

Buɗe zama

Jagora, ki fara da tambaya: "A cikinmu, wa ke fama da ciwon baya, ko kwankwaso, ko gwiwa, wanda ya haura wata uku?" Bari su ɗaga hannu. Sai ki karanta musu wannan misali a hankali.

Wata mata ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Shekara biyu ke nan bayanta na ciwo. In ya tsananta sai ta aiki yaro kemis ya sayo ƙwayoyi, ta sha, ta kwanta kwana uku. In ta tashi, ga aiki ya taru, sai ta haɗa na kwana ukun ta yi a yini ɗaya, ciwo ya dawo sabo. Sau biyu tana fashin zubi. Ranar taro ƙawarta ta ce mata, "Yaya, malamar asibiti fa ta ce motsa jiki ke rage irin wannan ciwo." Ta yi dariya ta ce, "Haba ƙanwata! Ni da nake tsaye tun asuba, ga suyar gyaɗa, ga daka, ga matsar mai, wane motsa jiki kuma ya rage mini?"

Ki tambayi mata: Tana da gaskiya? Me ta rasa a cikin shekara biyun nan ban da lafiya?

Yanzu a fito da waken. Mace ɗaya ta faɗi abin da take kashewa a kan maganin ciwon jiki a mako. A ajiye wake huɗu, makonnin wata ɗaya ke nan, a yi lissafi. Sannan a lissafa na wata goma sha biyu, a kwatanta da zubinta na shekara. A bar mata su faɗi abin da suka gani da bakinsu.

Abin da ya kamata mu sani

Ciwon da ya wuce wata uku shi ake kira ciwo mai daɗewa. Ba mu kaɗai ke fama da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutane kusan miliyan 619 ne ke da ciwon kwankwaso, kuma ya fi yawa ga mata. A ƙarshen 2023 hukumar ta fitar da shawarwari kan wannan ciwo, ta sa motsa jiki a cikin manyan hanyoyin kula da shi.

Me ya sa doguwar kwanciya ba ta warkarwa? Tsokokin ciki da na baya da na cinya su ne ke tallafe ƙashin baya da gwiwa, kamar yadda azara ke riƙe da soro. Idan aka daina amfani da su sai su saki, nauyi ya koma kan gaɓa. Ita ma gaɓa tana buƙatar motsi. Guringuntsin da ke cikin gwiwa ba shi da hanyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abinci, kuma sai ana motsawa ruwan ke zagayawa. Shi ya sa mai ciwon gwiwa ke tashi a sandare da safe, in ta ɗan taka sai ta ji sauƙi.

To ina maganar mai ƙuli-ƙuli? Rabinta gaskiya ce. Hukumar ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla minti 150 a mako na aikin da ke sa numfashi ya ɗan yi sauri, wato kamar rabin awa a kwana biyar. Tafiya rijiya da gona da kasuwa duk suna ciki, yawancinmu ma mun wuce haka. Matsalar ita ce aikinmu kusan duk a sunkuye muke yin sa: shara, wanki, tuƙin tuwo, cirar ciyawa. Wuri ɗaya ke shan wahala kullum, sauran tsokoki na zaune. Atisayen da za mu koya yana miƙe abin da aiki ya tanƙware, ya ƙarfafa wuraren da aiki bai taɓa ba.

Kafin a fara: wa ya kamata ta je asibiti tukuna?

Jagora, kada ki tsallake wannan sashe. Duk wadda ke da ɗaya daga cikin alamomin nan, kada ta fara atisaye, ta nufi asibiti:

• Ƙafa ta yi rauni ko ta mutu, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa ko sun ƙi fita. Wannan na ranar ne, ba a kwana da shi.
• Ciwon baya tare da zazzaɓi, gumin dare, rama, ko tarin da ya haura mako biyu. Tarin fuka na iya kama ƙashin baya, kuma yana da magani.
• Ciwon da ya fara bayan faɗuwa ko haɗari.
• Gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi.
• Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi in an yi ɗan aiki.
• Mai ciki da ke ciwon baya tare da zubar jini ko ruwa.

Mai ciki, da mai jego, da mai sikila, da mai hawan jini, su fara tambayar ma'aikaciyar lafiya irin atisayen da ya dace da su.

Atisaye huɗu

A shimfiɗa tabarma inda maza ba sa wucewa. Ki fara gwadawa da kanki, sannan mata su yi bibbiyu, ɗaya na yi ɗaya na ƙirgawa. Dariya ba laifi ba ce. A riƙa numfashi yadda aka saba, kada a riƙe shi.

1. Gwiwa zuwa ƙirji. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwoyi. Ki jawo gwiwa ɗaya da hannu biyu zuwa ƙirji, ki ƙirga goma, ki sake. Kowace ƙafa sau biyar. Wannan yana sassauta kwankwaso.

2. Gada. Kina kwance rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, gwiwoyi a tanƙwashe. Ki ɗaga ƙugu sama a hankali, ki ƙirga biyar, ki sauke. Ki fara da sau biyar. Yana ƙarfafa mazaunai da baya.

3. Miƙar kyanwa. Ki durƙusa kamar mai rarrafe. Ki tura gadon baya sama, kai na kallon ƙasa, sannan ki sake shi ya ɗan lotsa, kai ya ɗago. Sau goma, ba gaggawa. In gwiwa ba ta son ƙasa, ki ninke zani ki sa.

4. Tashi-zauna. Ki zauna a kujera mai tsayi ko benci, ba 'yar tsuguno ba. Ki miƙe tsaye, ki sake zama a hankali, kada ki faɗa. In da wuya, ki dafa cinya ko bango. Sau biyar zuwa goma. Wannan na cinya ne, kuma cinya mai ƙarfi ita ce gatan gwiwa.

Duka huɗun ba su wuce minti goma ba. Wadda ba ta cika fita ba ta ƙara da zagaya tsakar gida na minti goma, safe da yamma.

Tambayar da za a yi miki ita ce, "To in na yi ya yi zafi fa?" Ga amsa. Ɗan tsamin jiki da ya lafa kafin washegari ba ɓarna ba ce, jiki ne ke sabawa. In ya kwana ya ƙaru, an yi da yawa, a rage rabi a ci gaba. In zafi ne mai suka, ko mai sauka cikin ƙafa kamar wuta, a tsaya a ga ma'aikaciyar lafiya.

Kuma a yi haƙuri. Ba a jin amfaninsa a kwana biyu, sai an jera makonni, galibi shida zuwa goma sha biyu. Mu da muke adashe mun fi kowa sanin wannan. Ranar zubin farko babu wadda ta ga kuɗin akuya a akwati, amma ranar rabo an gani. Wadda ta yi kaɗan kullum ta fi wadda ta yi da yawa rana ɗaya ta watsar.

Gyaran yadda muke aiki

Jarka mai lita 25 in ta cika, ruwanta kawai kilo 25 ne, rabin buhun siminti ke nan. Mace ɗaya ta fito ta nuna yadda take ɗagawa, sannan ki nuna wannan: a matso kusa da kaya, a tanƙwashe gwiwa, baya a miƙe, a rungumo kayan jikin ciki, a tashi da ƙarfin cinya. Kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu, a juya da ƙafa. In za a ɗora a kai, a nemi mai ɗorawa. Sawu biyu da rabin jarka ya fi kwana uku a kwance.

A ɗaura wa tsintsiya sanda don a yi shara a tsaye. A ɗora bahon wanki a kan dakali ko kifaffen turmi. In an daɗe a sunkuye, a miƙe, a dafa kwankwaso da hannu biyu, a ɗan gantsare sau uku. A riƙa karɓa-karɓa wajen daka. Ranar da aka ji sauƙi, kada a ce sai an biya bashin aikin mako gaba ɗaya.

Barci, abinci da magani

Rashin barci da damuwa suna ƙara jin ciwo. Babba na buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Mai ciwon kwankwaso ta gwada kwanciya a gefe da filo ko ninkakken zani tsakanin gwiwoyi. Tsumma mai ɗumi a wurin ciwo ma yana taimakawa, amma ba mai ƙuna ba.

Ƙashi da tsoka na son nono, wake, gyaɗa, riɗi, zogale, kuka, da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu. Mai ƙiba in ta rage ko kaɗan ne, gwiwarta za ta ji a jikinta.

Magani yana da ranarsa, amma a bi shi da hankali. Ibufurofen da diklofenak in an daɗe ana sha suna iya jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, kuma mai ciki kada ta sha sai da izinin asibiti. Tiramadol yana kama mutum ya kasa bari. Haɗin ƙwayoyin da 'yan talla ke ƙullawa a leda ba mu san abin da ke ciki ba, wasu na kumbura fuska, su raunana ƙashi, su tayar da ciwon suga. In ciwo ya ƙi sauƙi bayan wata uku ana atisaye, a tambayi asibiti ko za su tura mutum sashen gashin ƙashi.

Aikin mako

Kowace ta zaɓi abokiya a unguwarsu da za su riƙa tuna wa juna. Ta kuma zaɓi lokaci ɗaya tsayayye, misali da safe kafin a hura wuta. Duk ranar da ta yi atisaye ta jefa wake ɗaya a gwangwani, ta zo da shi taro mai zuwa.

Ƙungiya ta tattauna abu biyu kafin a tashi. Za mu ware minti biyar a farkon kowane taro mu yi atisaye tare? Kuma in 'yar'uwarmu ta ga ɗaya daga cikin alamomin haɗari ba ta da kuɗin mota, asusun taimakonmu zai iya kai ta asibiti a ranar? Sakatariya ta rubuta abin da aka yanke a littafin ƙungiya.