Jigawar da ta fi fadama tsada: filayen golf na Surrey

A semestar da ta wuce malaminmu na kimanta darajar filaye ya yi mana wata tambaya a tes: ga fili biyu, ɗaya fadama mai albarka, ɗaya jigawa wadda ko gero sai da ƙyar, wanne ya fi daraja? Ni ɗan manomi ne, ko tsayawa tunani ban yi ba na rubuta fadama, na cika shafi guda da hujjoji. Maki biyu na samu cikin goma. A ƙasan takardar ya rubuta da jan biro: daraja ga wa, kuma don yin me? Daga baya ya ce in je in karanta tarihin filayen golf na Surrey. Abin da na samo shi ne zan ba ku, musamman ku 'yan ajin ƙasa da kwas ɗin ke jira.

Surrey gunduma ce a Ingila, kudu maso yamma da Landan. Shi wasan golf a gaɓar tekun Sukotlan ya girma, kan rairayi, inda ruwan sama ke shigewa ƙasa nan take. Da wasan ya karɓu wajen masu hali na Landan a ƙarshen ƙarni na 19, sai aka riƙa yin filaye a kan ƙasar laka ta kewayen birnin. To laka kun san halinta. Da sanyi ya shigo da ruwansa sai fili ya koma taɓo, ƙwallo ta faɗi ta lafe. Amma a yammacin Surrey akwai wata ƙasa mai yashi da tsami wadda manoma suka raina, ba abin da ke fitowa sai wani ɗan gajeren tsiro mai fure shunayya da suke kira heather, da 'yan itatuwa. Ruwa ba ya kwanciya a kanta, ciyawar da take fitarwa siririya ce mai ƙarfi, ga arha, ga kuma layin dogo daga Landan ya ratsa ta. Shi ke nan fa.

Lauyoyin Landan ne suka fara gwadawa, suka kafa kulob na Woking a 1893, a filin da suka yi haya daga kamfanin da ke da babbar maƙabartar Brookwood. Ka ji irin ƙasar: wadda aka saya don binne gawa. Woking ba shi ne mafi girma ba, amma ni shi ya fi burge ni saboda raminsa na huɗu. Layin dogo na hannun dama, ƙwallon da ta tsallaka can ta jawo maka tara. Sai 'yan kulob ɗin suka haƙa ramukan yashi a tsakiyar hanya, daidai inda kowa ke son ƙwallonsa ta sauka. Yanzu zaɓi ya rage naka: ka bi ta ɗan tsukin da ke gefen dogo, bugu na biyu ya zo da sauƙi, ko ka kauce hagu inda babu haɗari, bugu na biyu ya yi wuya. Masu zanen filaye har yau suna kawo wannan rami a matsayin misali. Kusa da shi akwai Worplesdon da West Hill, duk samfurinsu ɗaya.

In ana maganar gasa kuwa, Walton Heath ne a gaba a wurina. Herbert Fowler ya zana shi, aka buɗe a 1904, kuma James Braid, wanda ya ci gasar Open sau biyar, shi ne ƙwararren ɗan wasan kulob ɗin har rasuwarsa a 1950. A nan Amurka ta lallasa Turai a gasar Ryder Cup ta 1981, a nan kuma Lilia Vu ta ci gasar Open ta mata a 2023. Sunningdale ma ba a barin sa a baya, sai dai yana kan iyaka ne, mutanen Berkshire na cewa nasu ne, don haka na bar musu rigimarsu.

Inda darasin namu yake sosai shi ne St George's Hill da Wentworth. Wani maginin gidaje, W. G. Tarrant, ya sayi kusan eka dubu a St George's Hill a 1911. Bai fara da yanka fulotai ba. Sai da ya kira Harry Colt ya zana filin golf, aka buɗe a 1913, sannan ya jera manyan gidaje a kewaye. Kun gane dabarar? Filin da aka bari ba gini shi ya ɗaga farashin kowane fuloti da ke kallonsa. Ya maimaita haka a Wentworth a shekarun 1920, nan ma da Colt. Yau Wentworth ne ke karɓar gasar BMW PGA duk shekara, kuma a 2014 kamfanin Reignwood ya sayi kulob ɗin a kan fam miliyan 135.

Wani abu dai ya tsaya mini a rai. A 1649 wasu talakawa ƙarƙashin Gerrard Winstanley sun hau wannan tudu na St George's Hill suka fara noma, suna cewa ƙasar ta kowa ce. Ba su cika shekara a wurin ba aka kore su. Yanzu wurin unguwa ce mai ƙofa da masu gadi, har John Lennon ya taɓa zama a ciki. Da na kai wa malam wannan, na ce to ai darajar ta tashi ne ga wasu, wasu kuwa ko shiga ba sa yi. Ya ce in ajiye wannan, shi ne babi na biyu na furojet ɗina. Makin tes kam ya ce biyun nan ba za ta canza ba.