Gajiyar Annabi Iliya, da Yadda Allah Ya Yi Jiyyarsa

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21
Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:2

A cikin kowace ekklisiya akwai waɗanda jama'a su ke kai wa kukansu, watau fasto, da mai bishara, da dattawa, da uwar zumunta, da malaman makarantar Lahadi. In yaro ya yi ciwo da tsakar dare, ƙofarsu a ke bugawa. In miji da mata sun sami saɓani, su a ke kira. Amma ba safai mu kan tambayi kanmu ba, su kuwa wa su ke kai wa nasu kuka? Wane ne ya ke da izini ya zaunar da su, ya tambaye su lafiyar zuciyarsu, ko kuwa ya nuna musu inda suka kauce? A darasin nan za mu duba wani babban bawan Allah wanda ya ɗauki kaya shi kaɗai har ya faɗi, mu ga kuma yadda Ubangiji ya tashe shi.

1. Yadda jarumi ya karai

Ahab ya yi sarautar Isra'ila shekara 22 a Samariya, cikin ƙarni na 9 kafin haihuwar Kristi. Matarsa Yezebel, 'yar sarkin Sidoniyawa, ta kafa sujadar Ba'al a ƙasar, ta kuma karkashe annabawan Ubangiji. Aka yi fari shekara uku da wata shida. A ƙarshen farin Iliya ya tsaya a bisa Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, ya yi addu'a, wuta ta sauko, jama'a suka fāɗi rubda ciki. A ran nan kuma aka yi ruwa, Iliya ya sheƙa a guje gaban karusar sarki har Yezreyel.

Sai ga manzo daga wurin Yezebel, da rantsuwa cewa kafin gobe war haka za ta kashe shi. Mutumin nan da bai ji tsoron sarki da taron jama'a ba, ya tashi ya gudu. Ya kai Biyer-sheba can kudancin Yahuza, tafiyar wajen mil 100. Nan ya bar baransa, ya nausa jeji tafiyar yini guda shi kaɗai, ya zauna a gindin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

Kada mu yi garajen ba shi laifi. Yaƙub ya tuna mana cikin wasiƙarsa (5:17) cewa Iliya ɗan adam ne kamarmu. Musa ma ya yi irin wannan roƙo sa'ad da nauyin jama'a ya fi ƙarfinsa (Littafin Ƙidaya 11). Abu uku ne suka taru a kan Iliya. Jikinsa ya gaji ƙwarai. Begensa ya yanke, gama bayan abin da ya faru a Karmel fada ba ta tuba ba, Yezebel tana nan da ikonta. Na uku kuwa, ya rabu da mutum ɗaya tak da ke tare da shi. Mu lura kuma, bayan babbar nasara ne wannan abu ya same shi. Sau da yawa bayan babban taro, ko ginin majami'a, ko baftismar mutane da yawa, sa'ad da kowa ya ke tsammani shugaba yana murna, a sa'an nan ne ƙarfinsa ya kan ƙare.

2. Allah ya fara da jiki

Da mu ne, watakila da wa'azi za mu soma. Ubangiji kuwa ya bar bawansa ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi, ya nuna masa gurasa da aka toya da butar ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma barci. Mala'ikan ya sāke zuwa, ya sāke ciyad da shi, domin tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Har zuwa wannan wuri ba mu ji kalmar tsautawa ko ɗaya ba.

Wanda ya halicci jiki ya san iyakarsa. Yesu ma, da manzanni suka komo daga aike, ya kira su waje ɗaya su ɗan huta, gama ko zarafin cin abinci ba su samu ba (Markus 6:31). Saboda haka ekklisiyar da ta hana ma'aikacinta ranar hutu, ko ta bar iyalinsa da yunwa, tana yi masa abin da Allah bai yi wa Iliya ba.

A nan ya wajaba mu faɗi wata magana a fili. Akwai baƙin ciki wanda ba ya wucewa da barcin kwana biyu. Mutum ya kan yi makonni ba ya jin daɗin kome, barci ya ƙi, abinci ya fita ransa, yana ganin kansa ba shi da amfani, har ya soma marmarin mutuwa. Likitoci sun san wannan ciwo, a kan kira shi ciwon damuwa, akwai kuwa magani da shawara da ke taimako. Yana kama mai bi kamar yadda zazzaɓi ke kama shi, ba shaidar rashin bangaskiya ba ne. In ɗan'uwa ya ce ya gaji da rai, kada mu yi masa dariya, kada kuma mu bar shi shi kaɗai. Mu zauna tare da shi, mu yi addu'a, mu raka shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

3. Allah ya yi tambaya, ya kuwa saurara

Da ƙarfin abincin nan Iliya ya yi tafiya kwana 40 har Horeb, dutsen da Allah ya yi magana da Musa, ya shiga wani kogo. Can Ubangiji ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Allah ya riga ya sani, amma ya so bawansa ya buɗe baki. Iliya ya zazzage abin da ke cikinsa duka: himmar da ya yi, da alkawarin da jama'a suka karya, da bagadan da aka rushe, da annabawan da aka kashe, ya ƙare da cewa shi kaɗai ya ragu. Ubangiji bai katse shi ba.

Sa'an nan aka yi iska mai ƙarfi, da rawar ƙasa, da wuta, Ubangiji kuwa ba ya cikinsu. Abin da ya biyo baya yana da wuyar juyawa ga masu fassara. A Ibraniyanci kalmomi uku ne: ɗaya tana nufin murya ko ƙara, ɗaya shiru, ɗaya kuma abu siriri. Da jin wannan ne Iliya ya rufe fuskarsa da alkyabbarsa, ya fito bakin kogon. Mutumin da ya saba ganin ikon Allah cikin wuta ya koyi cewa Allah yana aiki ko a sa'ad da ba a jin motsinsa. Aka sāke yi masa tambayar, ya sāke ba da amsar farko, bai sāke kome ba. Duk wanda ya taɓa zama da mai ɓacin zuciya ya san haka a ke yi, ya kan maimaita magana ɗaya sau da yawa, sai an yi haƙuri da shi.

Ga abin da za mu riƙe a nan: annabi ne, amma aka tambaye shi, ya kuma amsa. Ba shugaban da ya fi ƙarfin tambaya. Ibraniyawa 13:17 ta umurce mu mu yi biyayya ga shugabanninmu, ayar nan kuma ta ce za su ba da lissafi. Wanda zai ba da lissafi gaban Allah a Ranar Shari'a, alheri ne a gare shi ya saba da ba da shi gaban 'yan'uwa tun yanzu.

4. Allah ya gyara kuskurensa

Tausayin Ubangiji bai hana shi faɗin gaskiya ba. Iliya ya ce shi kaɗai ya ragu, Allah ya sanar da shi akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Abin mamaki kuwa, Iliya ya riga ya san wani sashi na wannan. A sura ta 18 Obadiya, wakilin gidan Ahab, ya faɗa masa da bakinsa yadda ya ɓoye annabawa 100 a koguna, hamsin hamsin, yana ciyad da su. Gajiya da kaɗaici sun mantad da shi abin da kunnensa ya ji.

Wannan tunani na "ni kaɗai ne" yana da hatsari ta fuska biyu. Ya kan kai shugaba ga fid da zuciya, gama yana gani in ya fāɗi aikin Allah ya fāɗi ke nan. Ya kan kuma kai shi ga girman kai, har ya ɗauka ba wanda ya isa ya yi masa magana, duk mai tambayarsa kuwa maƙiyin aikin Allah ne. A ce ga wani mai bishara a ƙauye: shi ke wa'azi, shi ke ƙirga baiko, shi ke ajiye shi, shi kaɗai ke zuwa gidajen gwauraye, ba wanda ya san shigarsa da fitarsa. Ko da amintacce ne, ya tsaya a bakin rami. In jaraba ta zo ba mai riƙe shi, in an yi masa ƙazafi kuma ba mai shaidarsa.

Manzanni ba su yi haka ba. Da Bulus ya tattara gudunmawa domin tsarkaka na Urushalima, ya sa waɗansu 'yan'uwa su tafi tare da Titus, ɗayansu ma ekklisiyoyi ne suka zaɓe shi, domin kada kowa ya sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). A Antakiya ya tsauta wa Bitrus ido da ido, sa'ad da Bitrus ya janye daga cin abinci tare da al'ummai (Galatiyawa 2). Ya kuma umurci Timoti kada ya karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, amma wanda ya nace da zunubi a tsauta masa a gaban kowa (1 Timoti 5:19-20). Umurnin nan yana tsare shugaba daga tsegumi, yana kuma tsare garke daga shugaban da ya kauce. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

5. Allah ya ba shi almajiri

Ubangiji bai sallami Iliya daga aiki ba. Ya komar da shi da saƙo uku: ya keɓe Hazayel ya zama sarkin Suriya, Yehu sarkin Isra'ila, Elisha ɗan Shafat kuma annabi a madadinsa. Iliya ya tarar da Elisha yana huɗa, shanu biyu-biyu har garma goma sha biyu a gabansa, ya jefa masa alkyabbarsa. Elisha ya yanka shanun da ya ke huɗa da su, ya dafa naman da itacen garma, ya ciyad da mutane, ya bi shi, ya zama mai yi masa hidima. Daga baya an san shi da cewa shi ne ya kan zuba wa Iliya ruwa a hannu (2 Sarakuna 3:11). Wanda ya bar baransa a Biyer-sheba ya sami ɗa wanda ya ƙi rabuwa da shi har ranar da aka ɗauke shi.

Mu lura da wani abu kuma. Cikin saƙon nan uku, ɗaya kaɗai Iliya ya cika da hannunsa. Elisha ne ya faɗa wa Hazayel zai zama sarki (2 Sarakuna 8), wani saurayi kuma daga cikin 'ya'yan annabawa, wanda Elisha ya aika, shi ya zuba wa Yehu mai (2 Sarakuna 9). Aikin ya cika ta hannun almajiri, da almajirin almajiri. Abin da Bulus ya koya wa Timoti ke nan a 2 Timoti 2:2. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Almajiri ba ya koyo daga wa'azi kaɗai. Mai zuba maka ruwa a hannu yana ganin fushinka, da gajiyarka, da yadda ka ke yi da kuɗi, da yadda ka ke magana da matarka. In ya ga malaminsa yana hutawa, yana neman gafara, yana karɓar gyara, shi ma haka zai yi sa'ad da ya zama shugaba. In kuwa ya ga ɓoye-ɓoye, ɓoye-ɓoye zai gāda.

6. Abin da ya wajaba a kanmu

Ku shugabanni, kowa ya nemi 'yan'uwa biyu ko uku masu tsoron Allah, waɗanda ba sa jin tsoronsa, ya ba su izini su tambaye shi kome, ya riƙa zama da su a kan lokaci. Ya kuma ɗauki wani ƙarami ya riƙa tafiya da shi wurin aiki. Ku dattawa, ku tsayad da ranar hutun ma'aikacinku, ku sa mutum biyu su ƙirga baiko, a karanta lissafi gaban jama'a. Mu sauran 'yan ekklisiya kuma, in mun ga fuskar shugabanmu ta sāke, mu tuna labarin zuciya a tambayi fuska. Mu je mu gaishe shi, ba da wata bukata tamu ba. In kuwa mun ga laifi, mu faɗa masa da ladabi, kada mu kai shi kasuwa.

Iliyan nan da ya roƙi mutuwa ya sāke tsayawa gaban Ahab a kan zancen gonar Nabot, daga baya kuma aka gan shi tare da Musa a bisa dutse suna magana da Yesu. Allah bai gama da shi a gindin itacen nan ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa uku ne suka taru suka karya zuciyar Iliya?
2. Don me Allah ya fara da abinci da barci kafin magana?
3. Me Obadiya ya faɗa wa Iliya wanda ya manta da shi?
4. A ekklisiyarmu, wa ke tambayar shugabanninmu lafiyarsu, wa kuma su ke ba lissafi?
5. Wane ne Elisha naka, ko kuwa wane ne Iliya naka?

Addu'a

Ya Ubangiji Allahnmu, kai da ka ciyad da bawanka a jeji, ka dubi ma'aikatanka da suka gaji. Ka ba su tawali'u su karɓi tambaya da gyara, ka ba mu ƙauna mu ɗauki kaya tare da su, ka kuma tā da almajirai masu aminci a cikinmu. Cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.