Ido Lafiya Amma Gani Ya Sauya: Yadda Raunin Ƙwaƙwalwa Ke Raba Hoto Da Sassansa

Hoton da ke kan fuskar waya tarin ƙananan ɗige-ɗige ne da ake kira fiksel. Idan aka yi ta zuƙo hoton mutum, kamanninsa kan ɓace, sai ɗigon kawai. Da an mayar da hoton yadda yake, sai kamannin su dawo. Ƙwaƙwalwa na yin waɗannan ayyuka biyu a lokaci guda: tana kama siffar abu gaba ɗaya, tana kuma lura da ƙananan sassansa.

A shekarar 1977, masanin halayyar ɗan Adam David Navon ya gwada mutane da manyan haruffan da aka gina da ƙanana, misali babban H da aka jera da ƙananan S. Ya gano cewa masu lafiya sun fi saurin gane babban harafin.

A 1986, masu bincike uku a Amurka, Delis da Robertson da Efron, sun nuna wa masu raunin ƙwaƙwalwa irin waɗannan haruffa, suka ce su zana abin da suka tuna. Ga babban M da aka gina da ƙananan Z, wanda ɓarin ƙwaƙwalwarsa na dama ya taɓu sai ya zuba Z barkatai babu siffar M. Wanda na hagu ya taɓu kuwa, ya zana M ya bar ƙananan Z. Wato ɓarin dama ya fi kula da siffa gaba ɗaya, na hagu ya fi kula da sassa.

Idan raunin ya shafi ɓangarorin biyu ta saman ƙeya, akan samu larurar da likita Rezső Bálint na Hungary ya bayyana a 1909. Mai ita abu ɗaya tak yake iya gani a lokaci guda. A kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, zai iya ganin rago guda, amma ya kasa ganin garken da ragon ke ciki.

Wannan darasi ya shafi matasan Gagarawa Tasha da kewaye, domin faɗuwa daga babur a hanyar Gumel na iya taɓa ƙwaƙwalwa, haka ma shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawo wa iyaye. Wanda ya bugu a ka, sannan ya fara kasa gano manhajar da ya saba buɗewa, ko yana karanta rabin saƙo ya bar rabi, sauya tabarau ko waya ba lallai ya warware matsalar ba. Kamata ya yi a kai shi Babban Asibitin Gumel da gaggawa, inda za a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.

Hular kwano da auna hawan jini akai-akai su ne rigakafi mafi sauƙi.