Darasin Tarihi: 'Yan Taru, Ƙungiyar da Ta Kai Karatu Har Cikin Ɗaki

 

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata ƙungiyar mata ce da ta girmi duk waɗanda muke ciki yau da fiye da shekara ɗari, wato 'Yan Taru ta Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙan su. Na san kin sha jin sunan Nana Asma'u, wataƙila ma makarantar da 'yarki take zuwa sunanta aka sa mata. Amma yadda ta tsara wannan ƙungiya, da irin aikin da matan cikinta suka yi wa jama'a, shi ne ba a cika faɗa mana ba.

An haifi Nana Asma'u a Degel a shekarar 1793. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ta ga yaƙi da yunwa da idonta. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

To, bayan ƙura ta lafa sai wata matsala ta fito fili. Ƙauyuka cike suke da mata waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu, ga zawarawa, ga waɗanda suka shigo Musulunci ba su san ko farillan alwala ba. Idan ciwo ya kama mace ko ɗanta, wurin 'yan bori za ta nufa, domin su ta sani. Tun kafin wannan lokaci Shehu ya yi kakkausan suka, a littafinsa Nurul Albab, ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Amma wa zai je ya karantar da su? Matar aure mai goyo ba za ta bar gidan mijinta ta yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato ba.

Dubi dabarar da Nana ta yi, a wajejen shekarun 1830. Ba ta ce kowa ta zo ba. Sai ta zaɓi manyan mata masu hankali da riƙon amana, waɗanda suka wuce shekarun haihuwa, ta naɗa kowace a matsayin shugabar matan ƙauyenta. Sunan wannan shugaba jaji. Da rani, idan an gama aikin gona, jaji takan ɗebo tawagarta, tsofaffi da 'yan matan da ba su isa aure ba, su tako da ƙafa har gidan Nana. Su zauna su ɗauki karatu, sannan su koma. Da sun isa gida sai su bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, suna biya wa matan aure abin da suka koyo. Kin ga ke nan matar da ba ta iya fita ita ce aka gina tsarin dominta tun farko.

A nan nake so ki ɗan tsaya. Mu da muke koyarwa a ajin matan aure mun san yadda abin yake: a fara zango da aji cike, kafin a je ko'ina wannan ta haihu, waccan maigida ya ce ta dakata, wata kuma jinyar uwar miji ta riƙe ta. Sai mu ja layi a kan sunanta a rajista, mu ce ta daina zuwa, shi ke nan. Ni kaina na yi haka ba sau ɗaya ba. Da jaji ce, ai gidan za ta bi ta da darasin.

Karatun ma an sauƙaƙa shi daidai da masu ɗaukarsa. Yawancin matan ba su iya karatu ba, sai Nana ta zuba ilimin cikin waƙoƙi, domin mace ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai Godaben Gaskiya, akwai Tabbat Haƙiƙa wadda asalinta ta Shehu ce da Fulatanci, ita kuma ta mayar da ita Hausa. Tauhidi, tsarki, salla, azumi, tarihin Manzon Allah (SAW), tsoron ranar hisabi, duk suna ciki. Ta kuma rubuta littafi a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'i, don mace ta sami abin riƙewa idan an hana ta bori.

Wani abin sha'awa shi ne alamar naɗin jaji. Malfa ake ɗora mata, a naɗe ta da jan rawani. Ita kuwa malfa a wancan zamani an san ta a kan Inna ta Gobir, shugabar 'yan bori. Wato Nana ta ɗauki alamar da matan karkara suka saba girmamawa, ta ɗora ta a kan malama. Ba zagi, ba gori.

Sai ɓangaren hidima. 'Yan Taru ba sa zuwa hannu rabbana. Kowace takan riƙo abin da ya sawwaƙa, hatsi ko zuma ko man shanu ko ƙyalle, har da saƙon matan da suka rage a gida. Nana kuma takan raba wa mabuƙata, marayu da zawarawa da naƙasassu. A ƙauyukansu kuwa su ne masu duba marasa lafiya, masu share masallaci, masu sasanta mata idan an sami saɓani, su ne kuma masu yi wa mace wanka idan ta rasu. Duba da kyau, babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar ofis ko mota ko babban baƙo mai jawabi.

Ba ina kushe taro ba ne, yana da amfaninsa. Amma ki lissafa abin da reshenku ya kashe a kan anko da abincin walimar bara, ki gwada shi da abin da ya shiga hannun marayun unguwarku. Ni dai da na yi wannan lissafi a namu reshen, kunya ta kama ni.

Maganar wankan gawa kuwa ta fi damuna. Kwanakin baya an yi rasuwa a unguwarmu da asuba. Gida cike da mata, da yawa ma ɗalibanmu ne, amma aka rasa wadda za ta shiga ta yi wa mamaciyar wanka. Wasu tsoro, wasu rashin sani. Sai da aka aika wata unguwa aka ɗauko wata tsohuwa, maza na zaune a waje har rana ta take. Wannan fa farilla ce ta kifaya, idan aka rasa mai yi, laifin yana kan kowa. Idan wannan tsohuwa ta koma ga Allah, wa za a aika a ɗauko?

Nana ba ta ɗauki jajinta a matsayin 'yan aike ba. Da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, da kanta ta yi mata marsiyya, kamar yadda ta yi wa manyan gidansu. Ita ma da ta rasu a 1864 aikin bai bi ta kabari ba. Ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta ci gaba da karɓar 'Yan Taru a Sakkwato, bayanta kuma Ta Modi ta ɗauka. Baturiyar nan Jean Boyd, wadda ta rubuta tarihin Nana a 1989, ta tarar da jajis a raye tana bincikenta, ta kuma zanta da su.

Ga aikin gida kafin fitowa ta gaba. Ki rubuta sunan mace ɗaya a layinku wadda ta daina zuwa makaranta, ki nemi izinin maigida, ki je ki biya mata darasin wannan mako. Sannan a taronku na reshe ki tambaya, mu nawa ne a nan muka iya wankan gawa? Ku ƙirga hannuwan da aka ɗaga. Da yardar Allah darasi na gaba a kansa zai kasance, tun daga yadda ake haɗa ruwan har zuwa yawan ƙyallen likkafanin mace.