Darasin Kiwon Lafiya: Ciwon Daji Da Mai Gadin Da Aka Ɗaure

Duk masana'antar da ke Bompai ko Sharada ko Challawa tana da mai gadi a bakin ƙofa. Idan ɓarayi suka zo da dare, ɗayan biyu suke yi masa: ko su kashe shi, ko su ɗaure shi su toshe masa baki. Ko ta wace hanya dai za a yi ɓarna. Amma akwai bambanci, domin wanda aka ɗaure ana iya kwance shi ya koma bakin aikinsa. Wannan misali shi ne mabuɗin darasin wannan wata a kan ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa.

Yadda jiki yake

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin ƙwaya akwai wani siririn zare da masana ke kira DNA. Da za a miƙe zaren ƙwaya ɗaya tak, tsawonsa zai kai kimanin mita 2. A jikin wannan zare ne ƙwayoyin gado suke, su wajen 20,000, kowace da umarnin da take bayarwa.

Ƙwayar ido da ta hanta duk umarni iri ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya sa aikinsu ya bambanta shi ne, kowace tana buɗe wanda take bukata, ta kulle saura. Ɗaya daga cikin makullan shi ne wani ɗan mitsitsin sinadari mai suna metil. Idan ya taru a farkon ƙwayar gado, sai ta yi shiru, ba tare da rubutun da ke cikinta ya canza ba. Kulle irin wannan ba cuta ba ne, da shi jiki yake tafiya daidai.

Inda matsala take

Daga cikin ƙwayoyin gado akwai masu gadi. Wasu suna hana ƙwayar halitta hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, wasu kuma suna gyara zaren idan ya sami rauni. Ciwon daji yana samun hanya ne idan masu gadin nan suka daina aiki.

Wani lokaci lalata su ake yi. Misali, dafin da ke cikin gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna yana iya ɓata rubutun wani babban mai gadi mai suna p53 a cikin hanta. Wannan shi ne mai gadin da aka kashe.

Wani lokaci kuwa mai gadin lafiyarsa lau, makulli ne ya faɗa inda bai kamata ba. A shekarar 1989 masana a ƙasar Jamus suka gano haka a wani ciwon dajin ido da ke kama ƙananan yara. Sun tarar da metil ya taru a kan mai gadin da ake kira RB. Daga baya an sami irin wannan kulle a ciwon daji na huhu da na hanji da na mama da na jini.

Abin da ya shafi mutanen Kano

Ba gado ne kaɗai ke jawo wannan kulle ba. Tsufa da hayaƙin taba da wasu sinadaran masana'antu duk suna da hannu. Ɗaya daga cikinsu shi ne kuromiyam, kuma yana da nau'i-nau'i. Nau'i na 3 shi ne akasari ake jimar fata da shi, haɗarinsa da sauƙi. Nau'i na 6 kuwa, wanda ake sha wa ƙarfe don ya yi ƙyalli, ake kuma sa shi a wasu fenti, an tabbatar yana jawo ciwon dajin huhu ga masu shaƙarsa shekara da shekaru. Ƙona ragowar fatar da aka jeme da kuromiyam yana iya mayar da nau'i na 3 ya koma na 6.

A shekarun 2005 da 2006 likitoci a Jami'ar Tokushima ta ƙasar Japan sun duba ciwon dajin huhu na ma'aikatan masana'antar kuromiyam. A jikin da yawa daga cikinsu sun tarar an rufe bakin masu gadi biyu, MLH1 da p16.

Wannan abin lura ne ga ma'aikaci, har ma da manomi. Gurɓataccen ruwan Bompai yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, na Sharada da Challawa kuma ya gangara Kogin Challawa. Da wannan ruwa wasu ke noman rani, kuma masu bincike sun auna kuromiyam da dalma a cikinsa. Ba duk wanda ya taɓa shi ne zai kamu ba. Haɗarin yana taruwa ne sannu a hankali, kamar ɗigon ruwa a randa.

Kwance mai gadi

Tun a 1964 aka harhaɗa wani magani mai suna azasitidin a birnin Prague. A 1980 masana a Amurka suka gano yana hana ƙwayar halitta ɗora makullin metil, ta haka sai ƙwayar gadon da ta yi shiru ta sake buɗe baki. Amurka ta amince da shi a 2004, sannan ta amince da ɗan'uwansa desitabin a 2006. Ana ba da su ne ga masu wasu cututtukan ɓargo da na jini. Sukan sassauta ciwo, azasitidin ma yakan ƙara wa wasu tsawon kwana da yardar Allah, amma su kaɗai ba sa warkarwa gaba ɗaya. Likita ne kaɗai ke ba da su, ba a neman su a kasuwa.

Wani abin farin ciki kuma, wanda ya bar shan taba, da yawa daga cikin alamomin metil da tabar ta sauya a jininsa sukan koma daidai a hankali cikin shekaru.

Abin da ya kamata a yi

Rigakafi ya fi magani. Ma'aikaci ya riƙa sa takunkumi da safar hannu, ya wanke hannu kafin cin abinci. Kada a ƙona ragowar jemammiyar fata a cikin unguwa. Kada a sha ruwan kwatar masana'anta, kada a bar yara su yi wanka a ciki. A zubar da gyaɗar da ta yi funfuna. Wanda ya ga ƙari a jikinsa, ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko uwa ta ga fari a tsakiyar ƙwayar idon ɗanta, to a garzaya asibiti mafi kusa. Daga nan za a iya tura mutum Asibitin Muhammadu Abdullahi Wase da ke Nassarawa, ko na Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tun ice yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi don aji

1. Mene ne bambancin mai gadin da aka kashe da wanda aka ɗaure?
2. Me ya sa ƙona ragowar jemammiyar fata yake da haɗari?
3. Wace alama ce a idon yaro za ta sa a kai shi asibiti?