Darasi na Bakwai: Sabunta Manhaja da Makomar Tsofaffin Na'urorin Gida

Gida mai sarrafa kansa shi ne wanda fitilunsa da makullansa da sauran kayansa ke karɓar umarni daga wayar hannu ta intanet. Kowace na'ura a cikinsa tana aiki ne da manhaja, wadda kamfanin da ya ƙera ta kan sabunta lokaci-lokaci domin toshe kafar masu kutse. Sai dai sau da yawa sabuwar manhaja kan buƙaci ƙarfin da tsohuwar na'ura ba ta da shi.

Alal misali, a shekarar 2020 kamfanin Sonos na Amurka ya raba manhajar lasifikokinsa gida biyu, wato S1 da S2. Tsofaffin lasifikoki suka tsaya a kan S1, suna aiki, amma ba a ƙara musu sabon abu. Wannan ma da sauƙi. Ita kuwa na'urar Revolv, mai haɗa kayan gida wuri guda, ta dogara ne kacokan ga manyan kwamfutocin kamfaninta. Kamfanin Nest ya saye shi a 2014, ya rufe waɗannan kwamfutoci a watan Mayun 2016. Nan take na'urar da aka saya dala 299 ta zama hoto, alhali babu abin da ya lalace a jikinta.

A 2022 aka fito da ƙa'idar Matter domin na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna, amma tsofaffi da dama ba sa jin wannan harshe sai da wata na'urar da za ta yi musu tafinta.

Aiki: Ɗalibi ya bambance halin da masu Sonos suka shiga da na masu Revolv.