Idan Famfon Mai Ya Tsaya, Kada Ka Yi Masa Dole

Ɗana, tunda an damƙa maka aikin dare a ɗakin injunan madubin hangen taurari, ga abin da nake so ka riƙe.

Ka dubi babban madubin hangen taurari na Dutsen Palomar da ke Kalifoniya a Amurka, wanda aka ƙaddamar a 1948. Nauyin ɓangarensa mai juyawa ya haura tan 500, amma a kan ɗan siririn mai yake shawagi, man da famfo ke turawa ƙarƙashinsa da matsi. Da zarar matsin ya faɗi, ƙarfe ya zauna a kan ƙarfe. Shi ya sa aka gina na'urar sarrafa famfo ta riƙa tsayar da komai da ta hango matsala. In ta tsaya, sau da yawa gaskiya take gaya maka.

To, kada hannunka ya yi saurin kai wa maɓallin sake kunnawa. Fara karanta saƙon da ke allo, ka rubuta shi da lokacinsa. Ƙararrawar da ta fara bugawa ita ce za ka bi, sauran duk 'yan rakiya ne.

Daga nan sai ka bi ƙananan abubuwa. Ko wani ya danna jan maɓallin gaggawa ya manta bai saki ba? Fiyus lafiya yake? Wutar bolt 24 da ke ciyar da na'urar ta cika? Leƙa tanki ka ga inda mai ya tsaya, ka duba ko mataci ya toshe. A daren sanyi mai kan yi kauri, famfo ya kasa zuƙo shi, sai ka ji yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa a ciki. Ka ji haka, kashe shi, don cin kansa yake yi.

Sannan ka gwada abin da allo ke nunawa da agogon matsi da ke jikin bututu. Yawancin na'urorin auna matsi suna aika saƙo ne tsakanin miliamfa 4 zuwa 20. In ka auna ka ga sifili, ka nemi wayar da ta tsinke ko ta kwance, kada ka ɗora wa famfo laifi.

Abu biyu nake roƙonka. Na farko, masu binciken taurari za su tsaya a kanka suna cewa dare na ƙurewa, wani ma ya ce ka haɗa wayar kariya kai tsaye a wuce wurin. Ka ba su haƙuri, ka ƙi. Asarar dare ɗaya ta fi sauƙi a kan gyaran watanni. Na biyu, kafin ka kwance ko da ƙusa ɗaya, kashe wuta, ka sa kwaɗonka a makunni, ka sauke matsin da ke cikin tulun ajiya, domin yana nan cike ko famfo a kashe yake. Kada ka taɓa laluben yoyo da hannu. Sa guntun kwali. Man da ke fita da matsi yakan huda fata ya shige, raunin kamar tsinin allura, amma yana iya cinye yatsa in ba a garzaya wurin likitan tiyata ba.

Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, ka rubuta sakamakon a littafin aiki don wanda zai karɓe ka. In ya gagare ka, tashi na gaba da kai ko tsakar dare ne. Babu kunya a tambaya.

Allah ya tsare ka, ya sa albarka a hannunka.